Na Baro Gashina a Abijan

Ban yi sati biyu a Kwatano ba na fara jin kaina yana wari. Da farko na ɗauka warin kifin da nake soyawa ne, sai da na cire kallabi wata safiya na sunsuna shi, na gane ba kifi ba ne, ni ce.

Sunana Hassi. A Argungu aka haife ni, amma a Nasarawa ta Birnin Kebbi na yi zaman aure, can kuma na yi suna da kitso. Matan ma'aikata na unguwar Gesse har mota sukan aiko a ɗauke ni in ana biki. Gashina shi ne tallata. Baƙi ne mai cika, in na tsefe shi yana taɓa kafaɗa, kuma duk wadda ta zo kitso karon farko sai ta ce in ɗaga kallabi ta gani. Bayan rasuwar mijina abubuwa suka tsaya, na mai da ɗiyata Nana wajen Innata a Argungu, na bi wata Hajiya Asabe da ke kai mata aiki ƙasashen bakin teku. Ta ce mini akwai babban shagon gyaran gashi a Abijan da ke neman hannu irin nawa.

A Kwatano ta sauke ni, a unguwar Zango, gidan wata mata mai sayar da abinci da kowa ke kira Madam. Ta ce za ta je ta karɓo takardun tsallake iyaka ta dawo jibi. Jibi ta zo ta wuce. Na yi ta kiran wayarta, kullum a kashe. Da na matsa wa Madam da tambaya, ta dube ni da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Hajiya ya tafi. Shi ya kawo ki ki yi aiki nan. Babu Abijan." Ta nuna mini kasko da kwandon kifi.

Haka na zama mai suya. Daga hantsi har la'asar ina gaban kasko a wata rumfar kwano, mai yana tsalle, tururinsa yana hawa fuskata yana shiga kallabi. Mu ma a Kabi muna da zafi, har mun fi su, amma namu zafin yana busar da zufa. Iskar Kwatano jiƙaƙƙiya ce. In ka shanya wanki sai ya wuni ya kwana da danshinsa. Takalmin da na ajiye ƙarƙashin gado ya yi hunhuna. Zufa in ta fito ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna a jiki.

Kafin in taso, wata ƙawata ta yi mini ƙananan kitso masu tsauri, irin waɗanda ke yin wata biyu ba a taɓa su ba, ta bi kowace tsaga da man shanu da basilin. Da kan ya fara ƙaiƙayi sai na yi abin da na sani. A gida, in kai na ƙaiƙayi bushewa ce, maganinta mai. Na ƙara mai. Washegari ya fi jiya, na sake ƙarawa. Fatar kan tana fitar da nata maiƙon, ga na kasko, ga wanda nake shafawa, ga zufa, duk a rufe cikin kallabin roba da hijabi a samansa. In na sa yatsa a tsaga sai in kwaso wani abu rawaya mai danƙo.

Wankewa ma ba ta yi mini rana ba. Gidan haya ne, maza da mata, banɗaki ɗaya, kullum da mai jira a bakin ƙofa. In na wanke kan, dole in ɗaura kallabi a jiƙe kafin in fito, don babu inda zan zauna kai a buɗe. Ɗakin da nake kwana ni da 'yan aikin Madam ba shi da taga. Sai kitson ya kwana biyu da ruwa a cikinsa. Nakan tuna tsakar gidan Inna, yadda za ta wanke mini kai da karkashi bayan azahar, in zauna kan turmi ina tsince shinkafa, kafin a kira la'asar gashi ya bushe har yana tashi. Da irin wannan tunanin nake juya kifi.

Wata rana wani dattijo ya zo cin abinci, na ce masa sannu da zuwa, da ya ji harshena sai ya tsaya da loma a hannu.

"Ke, ɗiyar ina ta?"

"Argungu, Baba."

"Argungu? To mi kike yi nan gaban wuta?"

Sunansa Malam Ɗanjumma, mutumin Zauro, direban babbar mota mai kai albasa har Abijan. Na gaya masa yadda aka yi da ni. Bai yi mamaki ba, ya ce ba ni ce ta farko ba. Ya ce in ina so in jira shi ya sauke kaya ya dawo ya mai da ni gida, in kuma ina so in bi shi gaba, ya san wata mai shagon kitso a Ajame, cikin Abijan, mutuniyar kirki.

"Ni dai da ɗiyata ce, gida zan ce ta tahi," in ji shi.

Na ce gaba zan yi. Ban iya tunanin in shiga gidan Inna da jakar da na fita da ita kaɗai ba. Madam ta yi ta faɗa, Malam ya tsaya a bakin rumfa har na ɗauko kayana.

A gaban motar muka zauna mu uku, da shi da ni da wata tsohuwa 'yar kasuwa da ke bin albasarta. Na yi watanni a Kwatano ban ga teku ba, sai a hanyar Lome na gan shi, toka-toka, ba shi da ƙarshe, ban kuma ji komai a raina ba sai gajiya. Bayan Lome ruwa ya sauko, aka rufe gilasai. Ba a daɗe ba warin kaina ya cika wurin. Tsohuwar ta ja gefen gyalenta ta toshe hanci, ta matsa jikin ƙofa. Na sunkuyar da kai ina jin kunya kamar in buɗe ƙofa in sauka. Malam Ɗanjumma ya sauke gilashinsa har ƙasa, ruwa yana dukan hannunsa da rabin rigarsa.

"Ni in ba iska sai barci ya kama ni," ya ce, idonsa a kan titi.

Haka ya yi tuƙi har muka ratsa ƙasar Gana. A kowace iyaka masu kaki sukan sauke mu, su juya katin shaidata gaba da baya, su yi maganar da ba na ji, Malam ya ja su gefe su daidaita. Ni dai ina tsaye a rana ina danne hannuna kada in yi susa a gaban mutane.

Mai shagon da ya kai ni wurinta sunanta Madam Awa, 'yar ƙabilar Jula ce, Musulma, tana jin Hausa sama-sama saboda zama da mutanen Nijar. Ba ta tambaye ni komai ba, ta zaunar da wata 'yar aikinta ta miƙo mini kibiya. Na yi mata shuku. Madam Awa ta bi tsagogin da ido, ta juya kan yarinyar hagu da dama, ta ce in zo gobe. Ta kuma samo mini ɗan ɗaki a wani gidan haya kusa da kasuwa.

Na yi murna, amma kan bai bar ni na ji daɗinta ba. Abijan ta fi Kwatano laima. Na tsefe tsohon kitson, gashi ya yi ta biyo mataji dunƙule-dunƙule, na rufe ido na sake kitse shi ƙanana don kada a ga inda ya zube, na bi shi da mai. Ƙuraje suka fito a ƙeya da bayan kunne, suna ruwa, kallabi yana manne musu. Nakan fesa turare a hijabi kafin in shiga shago. Mai kitso kuwa kanta a sunkuye yake a saman kan mai zama, babu yadda za ka ɓoye. Na fara lura wasu in layi ya zo kaina sai su ce za su jira wata.

Ranar da abin ya fashe, ina yi wa wata amarya kitso. Ƙaiƙayi ya taso mini irin wanda ke sa hawaye. Ban san lokacin da na cusa kibiyar ƙarƙashin kallabi na sosa ba, na kuma mai da ita kan amaryar. Ta gani a madubi. Ta miƙe tsaye da rabin kai a kitse tana faɗa da Faransanci, tana karkaɗe gashinta. Daga baya aka gaya mini cewa take yi na sa mata ƙwarƙwata.

Madam Awa ta ba ta haƙuri, ta sa wata ta ƙarasa, ni kuma ta ja ni ɗakin ajiya ta rufe ƙofa.

"Cire in gani."

Na cire. Ta daɗe tana kallo. Ta kama kitso ɗaya a hankali, sai ya taho a hannunta tun daga gindi.

"Ba ƙwarƙwata ba ne," na ce.

"Na sani. Ciwo ne. Hassi, hannunki yana da kyau, amma ba zan iya barin ki taɓa kan mutane haka ba. Je ki warke. In kin warke ki dawo."

Na koma ɗaki na zauna. Babu aiki, babu dangi, Malam Ɗanjumma ya daɗe da juyawa arewa. Inna ta kira, na ce mata lafiya lau, aiki yana ta kyau. Ta ce ana yankan shinkafa a fadama, an kawo mata sabuwa, ta ce Nana ta yi wayo har tana ɗauko mata buta. Da muka gama na kife wayar na yi kukan da ban yi ba tun Kwatano.

Ɗakin da ke jikin nawa na wata dattijuwa ce, Tanti Akisi, Kirista, 'yar ƙabilar Bawule, tana soya ayaba a bakin titi da yamma. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da ta ga kwana biyu ban fita ba, ta ƙwanƙwasa ta shigo da kwanon ayaba. Ta same ni ba kallabi, na yi wuf zan rufe, ta riƙe hannuna. Ta sunkuya ta duba, ta taɓa kwalbar man da ke gefen katifa, ta girgiza kai. Washegari da safe ta zo da gyalenta a kafaɗa, ta nuna mini ƙofa.

Wani ƙaramin asibitin unguwa ta kai ni. Allah Ya taimake ni akwai wata mata 'yar Dosso a layi, ita ta yi mana tafinta. Ma'aikaciyar jinyar ta sa safar hannu ta buɗe tsagogin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce fatar kaina mai maiƙo ce da ma, a busasshiyar ƙasa ba a ganewa, amma a nan maiƙo da danshi sun haɗu sun haifar da amosani mai tsanani, susa kuma ta buɗe fatar ƙwayoyin cuta suka shiga. Ta rubuta ƙwayoyin sha da wani sabulun ruwa na wanke kai. Ta ce in daina shafa mai gaba ɗaya. Sannan ta faɗi wani abu, matar Dosso ta dube ni ta fassara.

"Ta ce sai an yanke gashin, in ba haka ba magani ba zai kai ga ciwon ba."

"Duka?"

"Duka, 'yar uwa. Ki yi haƙuri. Gashi yana tsirowa."

A ɗakin Tanti Akisi aka yi. Ta kulle ƙofa, ta rataya zane a taga, ta tafasa almakashi a tukunya. Ta zaunar da ni a ƙasa tsakanin ƙafafunta, yadda nake zaunar da mutane shekara da shekaru. Tana yankewa tana wata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, kitson yana faɗowa a cinyata ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba, na riga na gaji. Da ta gama ta jiƙa ɓawon ciwon da ruwan ɗumi har ya yi laushi, ta wanke da sabulun asibiti, da tafin yatsu ba da farce ba, ta ɗauraye har sai da fatar ta daina santsi. Ta kunna fanka ta juyo da ita kaina. Rabon da iska ta taɓa fatar kaina na manta.

Na tattara gashin a tsumma. A gida ba a zubar da gashi a shara, binnewa ake yi, amma gidan nan ko'ina siminti ne. Na yi ta nuna mata da hannu ina haƙa iska har ta gane. Ta kai ni bayan gida inda wata bishiyar ayaba take, ta ba ni wuƙar girkinta na tona rami. Can na bar shi.

Jinyar ta ɗauki lokaci, kuma a wajen Tanti na koyi zama da kaina a garin. Ta ɗaura zannuwa biyu a igiya a lungun bayan ɗakinta, ta yi mini ɗan shinge, ta ajiye kujera. Nan nake zama kai a buɗe da hantsi bayan na wanke, ita kuma ta zauna a bakin lungun tana fere ayaba, in namiji ya nufo ta kora shi. In hadari ya rufe, fanka. Ba ta yarda in ɗaura komai sai ta sa bayan hannunta ta ji babu sauran sanyi. Ta ɗauke kallabaina na roba ta cusa ƙasan jaka, ta yanka mini tsohon zanen auduga gida huɗu. Kullum da wanda zan ɗaura, kullum a wanke na jiya, kuma tun da ba sa bushewa da kyau sai a bi su da dutsen guga. Rigar matashi ma haka. Da maganin asibiti ya ƙare na koma sabulun salo, duk bayan kwana biyu ko uku. Wata rana ta kama ni na lakato mai zan shafa, don hannu ya saba, ta buge mini hannu kamar ƙaramar yarinya, ta ɗauke kwalbar ta tafi da ita ɗakinta.

Da yamma nakan bi ta bakin titi in taya ta ƙunsa ayaba, amma ba ta bari in tsaya gaban kasko. Abin da muka ci tare kenan a watannin nan. In lokacin salla ya yi ita ke taɓa ni ta nuna sama. Har na baro Abijan kalmomin da muka haɗa ni da ita ba su taka kara sun karya ba.

Da ƙurajen suka bushe na koma shago. Madam Awa ta sake jana ɗakin ajiya, ta duba, ta miƙo mini sabuwar kibiya ta ce wannan ta kan mutane ce kaɗai. Na yi shekara biyu da wani abu a wurinta. Gashin ya tsiro, amma bai koma yadda yake ba, ya yi laushi ya yi gajarta, kuma a saman kunnen hagu akwai wuri kamar faɗin tafin jariri da bai sake fitowa ba. Manyan kitso huɗu nake yi masa, in tsefe duk sati, mai kuwa sai a bakin gashin kaɗai. Babu wadda ta ƙara cewa in ɗaga kallabi ta gani. In baƙuwa daga arewa ta zo tana susa tana neman a cika mata mai, nakan gaya mata abin da na sani. Wasu su ji, wasu su ce a yi musu yadda suka saba, in yi musu.

Na dawo ne don gwiwoyin Inna sun gaza, ba ta iya zuwa ɗibar ruwa. Abin da na tara bai kai abin da na yi zato ba: na'urar busar da gashi, babban madubi da ya tsage a hanya, da 'yan atamfofi. Ranar da zan taso Tanti Akisi ta raka ni tasha, ta cire mini kallabi kaɗan ta gefe ta leƙa, ta mai da, ta gyara ɗaurin. Ba ta tsaya motar ta tashi ba.

Da la'asar na shiga gidanmu a Argungu. Ana banda kifi a maƙwabta, hayaƙin ya cika unguwa. Inna tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta rame. Nana ta yi tsawo, ta tsaya bayan ƙofar ɗaki tana leƙena, ta ƙi zuwa. Bayan an gaisa, maƙwabta sun watse, na yi alwala, na zauna na zame kallabi don in sha iska. Na manta ba su taɓa gani ba.

Inna ta kalli kan, ta kalle ni.

"Shi ne ba ki hwaɗa mani ba?"

"Mi za ki yi, Inna, kina nan ina can?"

Can ta ce, "Wa ya yi jinyarki?"

"Wata tsohuwa. Ba ta ko jin Hausa."

"Allah Ya saka mata," ta ce, ta juya fuska wajen bango tana gyara zanenta.

Ban ji tahowar Nana ba, sai na ji ɗan yatsa a saman kunnena, daidai inda babu gashi. Ta shafa wurin a hankali, ta zagaya shi.

"Wa ya yi maki wanga?"

"Ba kowa. Ciwo ne na yi."

"Yana zahi?"

"Da can. Yanzu ya bari."

Nana ta janye yatsanta. Sannan ta zagayo ta gabana, ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna, ta ba ni baya, ta cire ɗan kallabinta.